Allurar da Ba Ta Yi Tsalle Ba

"Mama, me ya sa wannan kawun ba shi da nauyi?"

Tegan ta harari 'yarta Imogen. Da la'asar wani ƙaton mutum ya shigo gidansu na katako a Ipswich, wai daga shago aka turo shi ya kafa wa garmahon mijinta sabuwar kanta mai ƙafafun roba masu shanye girgiza. Mijin yana mahaƙar kwal, sai Juma'a zai dawo.

Daɓen gidan nan, ko kyanwa ta gifta sai allurar garmahon ta yi tsalle a kan faifai. Shi ya sa mijin yake ajiye kofin ruwa a tsohuwar kantar, yana auna girgizar da ido.

Sai yanzu Tegan ta lura. Faifai yana juyawa, ƙaton yana kai da kawo da manyan takalma, sabuwar kanta tana cikin kwalinta, amma ruwan kofin ko gezau.

"Imogen, zo nan," ta ce.

Yarinyar tana bayansa. Taku ɗaya ta yi, waƙa ta karce.

"Bar ta mana, uwargida," in ji shi, bai juyo ba. "Ashe ita ke girgiza muku gida. Yanzu zan gyara."

Ya nufi yarinyar, waƙa na tafiya sumul. Tegan ta yi kukan kura ta yi kansu, kofin ya kife.

'Yar'uwa, in baƙo ya taka ɗakinki ruwa bai motsa ba, kada ki tsaya tambaya. Suri ɗanki ki fita.