Direban Sahara a Tsakiyar Kogi

Ranar da Datti ya fara ganin Hanifa, dila ce a kansa, gumi ya manne masa riga da baya. Ya shigo shagon Alhaji Ubale da ke titin Jalan Tuanku Abdul Rahman a birnin Kuala Lumpur ya dire kayan yadi, ya ɗago, sai ga yarinya bayan kanta tana cin shinkafa da cokalin roba.

"Sannu da aiki," ta ce. "Amma ka kayar mana da fanka."

Ya waiwaya. Gaskiya ne, fanka tana kwance tana hura ƙasa. Ya sunkuya zai ɗaga ta, hularsa ta faɗi. Yarinyar ta rufe baki da mayafi tana dariya, shi kuma ya fita bai karɓi takardar kayan ba. Sai da ya kai unguwar Masjid India ya tuna, ya dawo. Ita ce ta miƙo masa, ta ce sunanta Hanifa, 'yar mai shagon ce, tana karatu a jami'ar da ke kusa da Taman Melati.

Datti ɗan Yusufari ne, can Yobe. Boko ba ta dame shi ba, shi ma bai dame ta ba. Kafin kawunsa ya jawo shi Kuala Lumpur aikin tattara kayan 'yan kasuwa ana turawa Kano, direba ne a cikin rairayi, yana ketawa da mutane da buhuna zuwa garuruwan Nijar inda babu kwalta babu alama. Yaro ne mai kunya, ba ya haɗa ido da babba. Aibinsa ɗaya: in aka zo maganar tuƙi, bakinsa ba shi da birki.

Abu ya yi nisa tsakaninsu kafin kowa ya farga. Takan rubuto masa:

"Ɗan Sahara, ka ci abinci kuwa? Ko yau ma shayi ne da burodi?"

Shi kuma ya zauna ya haɗa harafi da ƙyar:

"Hanina, na ci. Amma da kin ce in zo da na fi ƙoshi."

Da magana ta isa kunnen Alhaji Ubale, bai ɓoye ba. "Ɗan dako?" ya ce da Umma, mahaifiyar Hanifa. "Na kawo yarinya ƙasar nan ta yi digiri, in ɗauke ta in ba wanda ke sauke mini dila? Ga Mansur nan ɗan aminina, ajinsu ɗaya."

"Alhaji, kai ma dila ka fara ɗauka a Kwari."

"Shi ya sa na san nauyinta."

Ana cikin haka Haidar, yayan Hanifa, ya haɗa tafiyar ƙarshen mako zuwa dajin Pahang: motoci masu ƙarfi, hanyar masu yankan katako, kwana a tanti a bakin kogi. Mansur zai je da tasa motar. Hanifa ta kafe sai an je da ita, Umma ta ce to ba za ta tafi ita kaɗai cikin maza ba, sai dai su tafi tare. A shago ake maganar, Datti yana gefe yana ɗaure kaya, sai bakin nan nasa ya kubce.

"Wannan ai wasan yara ne. Ni da na yi tuƙi inda ko tsuntsu ba ya bi."

Alhaji ya sauke tabarau ya dube shi. "Haka ne? To kai za ka ja Hilux ɗina. Ni zan zauna a gaba in ga wannan tuƙin da ake cika mana kunne da shi."

Da yamma saƙon Hanifa ya shigo:

"Direbana, wannan ce damarmu. Abba bai taɓa yarda wani ya taɓa masa sitiyari ba. Don Allah ka bi a hankali."

"Ki kwantar da hankalinki, gimbiya. Daji gidana ne."

Safiyar Asabar suka bar gari, suka haura duwatsun da ke bayan Gombak, har suka sauka daga kwalta. Jagoransu wani dattijo ne ɗan ƙasar, Pak Cik Razali, yana gaba da tsohuwar motarsa. Haidar ya ɗauki Umma da Hanifa. Mansur yana tsakiya. Datti da Alhaji suna baya.

Maganar gaskiya, da farko Datti ya yi abin a yaba. Hawa ne mai santsi, jar laka, ramuka kamar kaburbura, amma ko sau ɗaya bai kafe ba. Motar Mansur ta kafe, Datti ya sauka ya rage mata iskar taya ya fitar masa da ita. Alhaji ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. Datti ya ji kamar an ɗaura auren an gama.

Bayan la'asar suka iso kogi. A ƙetare ne za a kafa tanti. Ruwa ne ja, an yi sama a kan duwatsu, yana tafe da ƙarfi. Pak Cik Razali ya zo tagar Datti yana nuni da tafin hannu ƙasa-ƙasa.

"Sannu-sannu, lah. Giyar ƙarfi. Kada ka taka. Boleh? Za ka iya?"

"Boleh," in ji Datti.

Motoci suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna rarrafe kamar kunkuru, suka haye. Mansur ya fito a can ƙetare ya ɗaga waya yana ihu: "Saura sarkin Sahara! A nuna mana, mu 'yan makaranta mu koya!"

To a nan ne abin ya faru. A cikin rairayi, direban da ya sassauta ya mutu. Abin da aka koya wa Datti ke nan tun yana yaron mota: in ka ji ƙasa ta yi laushi ƙarƙashin taya, taka wuta, kada ka saurara sai ka ji tauri. Ya shiga ruwan a hankali kamar yadda aka ce. Amma da tayar gaba ta nutsa cikin yashin kogi, ƙafarsa ba ta yi shawara da kansa ba. Ya take totur har ƙasa.

Ruwa ya taso ya rufe bonet ya watsu a gilashi. Injin ya yi tari, ya shaƙe, ya yi shiru.

Suna tsakiyar kogi. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, ya shanye takalmin Alhaji, ya kama gwiwa. Motar ta ɗan gusa gefe.

"Datti." Muryar ba irin ta shago ba ce. Alhaji ya damƙe masa hannu. "Datti, ban iya ruwa ba. Wayyo Inna. Kada ka bar ni, don girman Allah."

Shi ma Datti bai iya ba. A ina zai koya, a Yusufari? Amma bai faɗa ba. Ya fita ta taga, ruwa ya kama shi a ƙirji, ya dafa mota ya zagayo, ya juya wa Alhaji baya.

"Hau, ranka ya daɗe."

Alhaji Ubale, mai shago, mai jikoki, ya hau bayan saurayin 'yarsa ya rungume masa wuya, babbar riga tana jan ruwa, hula ta bi kogi. Datti yana taka dutse yana zamewa, Alhaji yana salati a kunnensa yana kiran mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Haidar ya shigo da igiya ya tarye su. Da suka taka tudu, Umma ta juya baya. Hanifa ta rufe fuska. Mansur kuwa wayarsa tana sama.

Wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da surukinsa ya san ba ƙaramin abu ya faru ba. Mutumin da ko cin abinci ba ka yi a gabansa, yau ga shi a bayanka kamar jariri.

Pak Cik Razali ya jawo Hilux da igiyar ƙarfe, ya buɗe bonet, ya girgiza kai. Injin ya sha ruwa. Haidar, don ya rufa asiri, ya ce ai ruwan ne ya ƙaru kafin su shiga.

"A'a," in ji Datti, kansa a ƙasa. "An ce kada in taka, na taka. Laifina ne."

Aka kafa tantuna, aka hura wuta, aka yi magariba. Alhaji ya shige nasa sanye da zanen Umma, bai ƙara fitowa ba. Datti ya koma gindin motar da ya kashe ya zauna yana cire matsattsaku daga ƙafa. Hanifa ta kawo masa abinci, Haidar yana tsaye nesa kaɗan.

"Ka ci mana."

"Ki mayar."

"Datti, ka dube ni."

"Da wane ido? Na cika baki a gaban mahaifinki, na kashe masa mota, na sa ya kwana da zanen mace. Ki koma, Hanifa. Mansur ko ba komai ya haye."

"Ni ba kogi na ce a haye mini ba," ta ce. Ta ajiye kwanon ta tafi. Har gari ya waye bai taɓa shi ba.

Lahadi aka jawo Hilux har bakin kwalta. Kafin su shiga Kuala Lumpur, bidiyon ya riga su isa. Mansur ya tura shi zauren 'yan Najeriya na waya, ya rubuta a ƙasa: "Sabuwar tasi ta fito." Masu shago, ɗalibai, har mutanen Kano sun gani.

Datti ya daina bin Jalan Tuanku Abdul Rahman. In da kayan Alhaji, sai ya tura wani. A shagon mai shayi mutane suka tsare shi. "Kai Datti, me Alhaji yake ce maka a kunne? Mun ga bakinsa yana motsi."

"Hanya yake nuna mini," ya ce. "Yana cewa in bi dama, akwai rami. Da ba don shi ba da mun tafi." Duk wanda ya tambaya, amsar ke nan.

Saƙonnin Hanifa suka yi ta taruwa.

"Ɗan Sahara, ka yi shiru."

"Ko gaisuwa ba zan samu ba?"

"Haidar ya ce ka tambayi kuɗin jirgin Kano. To in ka fasa ne ka faɗa mini da bakinka. Ban san haka soyayyar taka take ba, ruwa kaɗan ya kashe ta kamar inji."

Wannan na ƙarshen ya karanta ya kifa wayar. Ita tana ganin ya daina sonta. Shi kuwa ko sunanta ya gani a waya sai ya ji ruwan kogin nan a ƙirjinsa.

Ranar Juma'a bayan masallaci Haidar ya kama hannunsa. "Abba yana kira. Ya ce ko a goye in kawo ka."

A falon gidansu na Taman Melati, Datti ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. Alhaji yana kujera yana kallon bango. Babu wanda ya dubi wani.

"An ce za ka gudu," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, na ga ya fi..."

"Rufe mini baki. Bakin nan ne ya kai mu cikin ruwa." Alhaji ya yi gyaran murya. "An ce wai ni nake nuna maka hanya a kogi."

Datti ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ci gaba:

"Ni na san abin da na ce. Kai ma ka sani. Duk garin nan an yi mini dariya, an matsa maka ka ƙara musu, ka ƙi. Shi kuwa wanda na so in ba 'yata, da na fito a jiƙe waya ya ɗaga mini." Ya juyo a karo na farko. "Ka iya ruwa?"

"A'a."

"Na sani. Na ji yadda zuciyarka take bugawa." Alhaji ya shafa gemu. "Tuƙinka na banza ne, wannan babu musu. Amma ni ba zan iya haɗuwa da kai a kasuwa kana bare ba, bayan ka goya ni. Ko dai ka bar ƙasar, ko ka zama ɗana abin ya zama na cikin gida. Jirgi kuma na hana. Ka ce kawunka ya zo."

Daga bayan labule aka ji Umma ta rangaɗa guɗa. Datti ya kifa goshi a kafet, ya ce, "Baba, na gode."

Yana fita ya ciro waya ya rubuta:

"Hanina, ki yafe mini. Ban fasa ba. Kunya ce ta hana ni."

Amsa ta zo nan take:

"Na sani, matsoraci. Ina bayan labule. Gobe ka zo da furanni da baki mai daɗi, sai na ga dama."

Bayan ta gama jarrabawa aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu. 'Yan kasuwa sun rufe shaguna sun zo, ɗalibai sun cika harabar, Pak Cik Razali ya zo da iyalinsa da tukunyar shinkafa. Mansur bai zo ba, ba a kuma neme shi ba. Da liman ya shafa fatiha, Alhaji Ubale ya kama hannun ango a gaban jama'a, abin da suruki bai cika yi ba, ya ce:

"Ga amana nan na ɗora maka, ta fi ni nauyi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya rufa muku asiri kamar yadda ka rufa mini."

Jama'a suka amsa da amin. Datti bai ɗago kai ba, amma wannan karon murmushi yake ɓoyewa.