Hoton da Aka Goge

Da faɗa Auta ta je wa saurayin ranar da suka fara haɗuwa. Kwana uku ke nan yana tsayawa can ƙetaren kududdufin bayan gidansu, ya kafa kyamara mai dogon baki, ya saito ta wajen katangarsu.

"Malam, lafiya kake leƙen gidan mutane?"

Ya ɗora yatsa a leɓe. "Don Allah a hankali. Zo ki duba."

Ta sa ido. Sai ga ɗan tsuntsu mai shuɗin maƙogwaro a reshen bishiyar gidansu, kamar ta miƙa hannu ta taɓa shi.

"Ba ɗan ƙasar nan ba ne," in ji shi. "Iska ce ta ɓatar da shi a hanyar ƙaura. In na matsa kusa zai tashi, ga shi a gajiye. Shekara shida ina neman irinsa."

Faɗan da ba a yi ba ke nan. Kafin mako ya zagayo ta raɗa masa suna Sarkin Tsuntsaye, shi kuwa ba ya kiranta sai Sanyin Idona. Son shi ya kama ta, ba ta ma yi gardama da zuciyarta ba.

Amma fa tsuntsun nan ya iya ja wa mutum rai! Kullum cikin ganye yake, hotunan duk dishi-dishi. Abokan Sarkin a harkar kallon tsuntsaye kuma sun ce in ba hoto tas, ba za su yarda ya gan shi ba.

Ana nan sai ɗan baffanta, wanda ya daɗe yana sonta, ya kai wa Baba labari. Baba ya yi tsalle ya dire.

"Mai leƙen matan mutane? Ba a gidana ba! Ki ce ya zo da kyamarar."

Washegari Sarkin ya zo ya durƙusa a zaure. Baba ya gyara tabarau, ya yi ta latsa hotuna. Ganye, reshe, ganye, wutsiya.

"Wannan ne abin da kake ɓata wuni a kansa? Ko ka goge na ainihin ne kafin ka zo?"

Sarkin ya sunkuyar da kai. "Na goge ɗaya, Baba."

"Ka ji ko!"

Auta na laɓe tana jin su. Daga bayan labule ta fito, ta miƙa wa Baba wayarta. Kunya kamar ta nutse, don ba ta taɓa nuna masa saƙon saurayi ba. Saƙon na makon jiya ne, tun kafin ɗan baffanta ya kai gulma:

"Sanyin Idona, yau ya fito fili, na ɗauke shi tas. Amma ƙofar bayan gidanku a buɗe take, Mama ta fito a bayansa tana wanki, ba mayafi. Ko an yanke gefen, wanda zai tantance hoton sai ya ga na asali. Na goge. Allah ya sa ya sake fitowa."

Baba ya karanta sau biyu.

"To, ya sake fitowar?"

"Ya tafi, Baba. Tun shekaranjiya."

"Abokan naka fa?"

"Sun ce ƙarya nake."

Baba ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Ni ma na ce ƙarya kake," ya faɗa a hankali. "Ka yafe mini, ɗana. Ka turo magabatanka."

Auta ta ruga ɗaki ta faɗa jikin Mama tana kuka, Mama na tambayar wa ya mutu.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya sa a na ango.

"Ka rufa wa gidana asiri tun ban san ka ba. Allah ya rufa muku naku, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," suka amsa tare.