Dami Na Goma

"Sake faɗa in ji, Yaya Kamalu. Kunnena bai ɗauka da kyau ba."

Kamalu bai ɗago kai ba. Yana tsaye a bakin zauren gidansu Naja'atu, yana ta juya makullin keken hayar da yake ja wa wani a Malumfashi.

"Na ce ki yi haƙuri, Naja... na janye."

"Ka janye? Takarar kansila muke yi da za ka janye?"

"Don Allah rage murya."

"Ba zan rage ba! Wa ya ce mini ni ce hasken idonsa? Wa ya rantse ko duniya za ta taru ba zai bar ni ba? Yau ko duniyar ba ta taru ba ka tsere!"

Sai a nan ya dube ta, idanunsa jajur.

"Alhaji ya kira ni gona jiya. Ya ce in zaɓa: ko ke, ko damin Inna."

Naja'atu ta dafa bango.

A ƙauyensu, nan gefen Gozaki, ba sai an yi wa kowa bayanin damin ba. Mahaifinta Alhaji Sada shi ne babban manomin yankin. In kaka ta yi aka yanke dawa, dami tara ake kaiwa rumbu, na goma a jingine shi a gindin ɗorawar da ke bakin gona. Wannan zakka ce. Matan da mazansu suka mutu da tsofaffin da ƙarfi ya ƙare musu su ke zuwa su ɗauka. Tun da ciwo ya cinye gonar mahaifin Kamalu sannan ya cinye shi, da wannan damin uwarsa Inna Kulu take riƙe ƙannensa har damina ta raba.

"Abin da nake samu a keke ko cefane ba ya isa," in ji Kamalu. "Ina sonki, rabin raina, Allah shaida ne. Amma ba zan iya kallon yaran nan suna kwana da yunwa saboda ni ina son aure ba."

"Inna ta sani?"

"Ba ta sani ba. Kuma kada ki kuskura..."

Kafin ya ƙarasa ta shige gida.

Ta sami Alhaji a shimfiɗarsa yana shan fura. Ta durƙusa kamar yadda aka tarbiyyantar da ita, kanta a ƙasa, amma muryarta ta ƙi durƙusawa.

"Baba, gaskiya ne ka ce za ka hana Inna Kulu zakka?"

"To, har ya kawo ƙara? Ke Naja'atu, ki yi tunani. Ranar ɗaurin aure manyan mutane su zo daga Funtua, a nuna musu surukata a ce ita ce mai ɗaukar dami a gindin ɗorawata? Ina zan sa fuskata?"

"In aure ne ba ka so, Baba, ka hana auren. Kana da iko da ni. Amma me ya haɗa cikin marayu da maganata?"

"Dawata ce! Ni na sayi taki, ni na biya 'yan ƙwadago!"

"Tara ne naka, Baba. Na goman ba naka ba ne, ajiya aka ba ka."

Alhaji ya dire ludayin har fura ta fantsama.

"Iyye! Islamiyyar da na sa ki ita ce za ki zo ki karanta mini? Tashi ki ba ni wuri!"

Ta tashi. Amma ba ɗaki ta nufa ba. Mayafi ta ja, ta bi ta bayan gari har gidan Inna Kulu, ta zayyana mata komai tana kuka. Tsohuwar tana tsince wake a faifai. Da yarinyar ta gama, sai ta ajiye faifan a hankali.

"Wato ɗana aka yi ciniki da dawa, ni ban sani ba. To, madalla. Share hawayenki, 'yar nan. Gobe ma rana ce."

Washegari, ranar rabon zakka, da hantsi aka taru a gindin ɗorawa. Dammunan zakka a jere, jar dawa mai cikar kai, sai sheƙi take yi. Naja'atu ta fake da kai wa ma'aikata abinci, ta tsaya daga nesa tana kallo.

Alhaji na son wannan rana. Yakan sa babbar riga, ya tsaya yana nuna wa kowa nasa da sanda. Da ya hango Inna Kulu sai ya faɗaɗa murmushi.

"Kulu, matso. Yaronki ya yi hankali, bana har da ƙari na sa miki."

Inna Kulu ta matso, amma ko gammo ba ta zo da shi ba.

"Alhaji, tambaya gare ni. Wannan damin, na Allah ne ko kuwa kuɗin ɗana ne?"

Matan suka juyo suna kallon Alhaji.

"Wace irin magana ce wannan a gaban mutane?"

"A gaban mutane kake bayarwa, shi ya sa na tambaya a gaban mutane. In na Allah ne, ban san Allah ya sa sharaɗin wanda ɗana zai so ba. In kuwa naka ne, riƙe abinka. Talauci gare ni, ba a ce na sayar da 'ya'ya ba."

Ta juya ta kama hanya.

Kada wani ya ce muku abu ne mai sauƙi mai yunwa ya ga hatsi ya bari. Matan nan sun daɗe suna kallon dammunan, wasu har sun aza a ka. Sai wata dattijuwa da kowa ke kira Tsohuwa, wadda ta girmi kowa a wurin, ta sauke nata tana nishi.

"Yau Kulu ce," ta ce. "Baɗi ni za a ce in hana jikata gaishe da wane, in ba haka ba babu dami. Sada, na san ka tun kana yawo ba wando. Ba ni ɗauka."

Shafa'atu matar makaho ta sauke nata. Wata ta bi. Akwai wadda ta kai har bakin hanya da nata, ta tsaya, ta waiwayo, ta dawo da shi tana share ido da gefen zane.

"Ku tafi mana!" Alhaji ya ɗaga sanda. "Yunwa za ta dawo da ku!"

Ba ta dawo da su ba.

Dammuna suka zauna a gindin ɗorawa, kuma gonar a bakin hanyar kasuwa take. Duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya duba. Tsuntsaye suka samu gidan biki. Awaki suka gane wurin. 'Yan acaɓa har kwatance suka koma yi da shi: "Sauke ni a zakkar Alhaji."

Ya yi niyyar loda su a mota ya kai wani gari, Liman Abdulmutallib ya tare shi bayan sallar La'asar.

"Alhaji, ba a tsallake mabuƙatan gari a kai zakka nesa. Kuma abin da aka ɗaura wa sharaɗi sunansa ciniki. Har yanzu tana wuyanka."

A gida kuma Naja'atu ta daina cin tuwo. In aka tuƙa na sabuwar dawa sai ta ture kwanon, ta jiƙa garin rogo.

"Ke kuma lafiya?" in ji Alhaji.

"Ba a fitar wa hatsin nan haƙƙinsa ba, Baba. Ina tsoron in ci rabon maraya."

Ya yi kamar zai tashi ya mare ta. Sai kuma ya dubi lomar da ke hannunsa, ya daɗe yana dubanta, ya mayar cikin kwano.

Amma wutar ba gidan Alhaji kaɗai ta ci ba. Wata ranar kasuwa Kamalu ya tare Naja'atu a hanyar rijiya, ya rame, wuyansa ya fito.

"Kin huta yanzu? Na ce kada ki faɗa, kika faɗa!"

"Yaya Kamalu..."

"Je ki gidanmu ki gani! Tafasa ake dafawa da ƙuli, sau ɗaya a wuni. Ƙaramarmu jiya tambayata take yi wai yaushe za a yi tuwo. Ke in kin ƙi tuwo kina da zaɓi, su fa?"

Maganar ta soke ta har ƙashi. Hawaye suka zubo, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Na ji, kuma wallahi ya fi yankan wuƙa ciwo. Amma da na yi shiru, kowace loma suka ci da ni aka saya. Kai za ka iya kallonsu suna ci? Za ka iya?"

Ya juya mata baya.

"Ban taɓa daina sonki ba, Naja. Ko na minti ɗaya."

"To ka daina janyewa, masoyina. Ka tsaya kawai. Tsayuwar nake so."

Daga nan gona ta wuce, don ta san can za ta sami mahaifinta. Yana tsaye shi kaɗai a gindin ɗorawa, ya ɗaga dami ɗaya da sanda. Gara ta shiga ta ƙasa, ta gina gidanta, jar dawar nan ta fara zama ƙasa.

Ta durƙusa a kan kututturen kara.

"Baba, ban zo maganar aure ba. Na yafe shi in haka kake so, in zauna a gidanka har in tsufa. Amma yaran can tafasa suke ci, ga abincinsu gara na ci a gabanka. Ranar da za a tambaye ka, Baba, mutanen Funtua ba za su zo su amsa maka ba..."

Kuka ya ƙwace mata.

Alhaji ya ƙura wa damin ido. Mutum ne da ya saba in ya yi tsawa a watse, in ya yi kyauta a durƙusa. Bai taɓa sanin cewa shi ma yana da buƙata a wurin talaka ba, sai da ya rasa hannun da zai karɓa.

Ya tuɓe babbar rigar ya rataya a reshe. Ya cire hularsa, ya naɗe rawaninsa ya yi gammo.

"Kama mini," ya ce.

"Baba, bari in kira amalanke..."

"Na ce kama mini!"

Ta kama, suka aza.

Rana tsaka, ranar kasuwa, Alhaji Sada ya ratsa gari da damin dawa a ka, gumi na bin gemunsa, 'yarsa na biye. Masu shayi suka miƙe. Mahauta suka bar nama. Ba wanda ya yi dariya.

A ƙofar gidan Inna Kulu ya tsaya ya yi sallama. Ta fito tana gyara lulluɓi, Kamalu na bayanta.

"Kulu, ga haƙƙinki na kawo. Na jinkirta miki shi, ki yafe mini."

Ta dubi damin, ta dube shi.

"Da wane sharaɗi?"

"Babu."

"Ko na ɓoye?"

"Haba Kulu, wuyana zai karye! Na ce babu!"

"To sauke. Allah ya karɓa." Ta kauce masa daga ƙofa. "Su Tsohuwa ma suna gidajensu, ka san hanya."

"Na sani," ya ce yana haki.

Kamalu ya yi sauri ya kama masa suka sauke. Alhaji ya miƙe yana murza wuya, ya ƙare wa saurayin kallo tun daga sama har ƙasa.

"Kai kuma, da aka ce ka zaɓa, uwarka ka zaɓa ko?"

Kamalu ya durƙusa. "Eh, Alhaji."

"Ni na ɗauka rashin zuciya ne." Ya gyara gammonsa. "Wanda bai bar uwarsa da yunwa ba, ba zai bar 'yata ba. Ka ce wa baffanninka su zo su same ni ranar Juma'a. Wannan maganar daban, dawa daban, kowa ya ji!"

Naja'atu ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Ke kuma lauya, wuce gida ki ci tuwo, kin bushe kamar kara. Kai Kamalu, tsayuwar me kake yi? Akwai saura a gindin ɗorawa, kuma gara ba ta jiran kowa."

Suka kama hanyar gona, tsohon a gaba, saurayin a baya. Kafin su sha kwana, Naja'atu ta jiyo tabarya ta fara sauka a turmin Inna Kulu, da wata ƙaramar murya daga cikin gida tana ihu:

"Yau tuwo! Inna, yau tuwo!"