Gyaran da Ya Tona Asirin Ɓarawon Gudummawa

Da hantsin Litinin Alhaji Sadisu, shugaban direbobin bas na Kubwa, ya shigo caji ofis da wata matashiya a gaba, direbobi shida na biye suna kumfar baki.

"Ga ta nan, Sufeto. Naira miliyan uku ta haɗiye, kuɗin talakawa!"

Sufeto Kure ya ture kofin shayinsa. Shi wayarsa ma 'yarsa ke saita masa, sai ga shi yau an kawo masa satar da aka yi cikin kwamfuta.

Matashiyar sunanta Mashkura. Ita ta ƙirƙiro Sahu, manhajar da ke nuna wa ma'aikatan Kubwa motar da ke da gurbi kafin su fito titi. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake a intanet, kowa na iya ganin duk gyaran da aka yi da sunan mai yin sa. Fasinjoji da direbobi ke tura gudummawar ɗari biyu, ɗari biyar, da ita ake biyan masu aikin su uku. Wata biyu ke nan ko kwabo bai shigo ba, domin an canja lambar asusun da ke shafin gudummawa. Sunan da ke kan canjin kuwa nata ne.

"Wallahi ban yi ba, yallaɓai," in ji Mashkura. "Shekara huɗu na zuba a abin nan. In aka ce ni ɓarauniya ce, wa zai sake ba mu ko sisi?"

Banki ya ce sai da takardar kotu zai faɗi mai sabon asusun, aikin mako biyu. DPO kuma ya ce ranar Juma'a za a gurfanar da ita. Tausayinta ya kama Sufeto, amma tausayi ba hujja ba ne.

Ofishin Sahu shago ne guda a saman wani kanti, tebur uku da fanka mai ƙara. Nan Sufeto ya sami sauran biyun, Manniru da Thaddeus.

"Yaushe aka yi canjin?"

"Wata Juma'a, biyu saura kwata," in ji Manniru. "Ina masallaci. Anti Mashkura kuma takan bar kwamfutarta a buɗe ta sauka yin salla."

"Kai fa?"

"Ni ina Orozo ranar, oga," in ji Thaddeus. "Matana ba lafiya."

Sufeto ya nuna wata takarda da aka manna a bango. "Mene ne 'ido biyu'?"

"Dokarmu ce," in ji Manniru. "Gyara ba ya shiga sai wani ya karanta ya amince."

"Wa ya amince da wannan?"

Manniru ya fara sosa ƙeya. "Ni ne. Na karanta tsaf."

"Ka karanta tsaf, ka ga an canja asusu, ka yi shiru? To ɗauko takalminka mu je caji ofis."

Nan da nan Manniru ya janye 'tsaf' ɗinsa. A ƙofar masallaci ya danna amincewa ta waya, yana neman takalminsa ɗaya. Sunan Anti kawai ya gani.

Washegari Sufeto ya sa aka kawo Mashkura daga sel zuwa ofishin Sahu, idanunta sun kumbura. Ya zaunar da su ukun gaban kwamfuta.

"Ku karanta mini canjin nan layi-layi, kamar kuna yi wa kakarku bayani."

"Layin farko lambar asusu ce," in ji Manniru. Sai ya matso da fuskarsa. "Ikon Allah! Akwai layi tara a ƙasa. An gyara maɓallin gudummawa."

"Me ya same shi da?"

"Ba ya fitowa a ƙananan tsofaffin wayoyi," in ji Mashkura. "Yawancin mutanenmu kuwa irin su suke riƙewa. Ni na gwada na kasa. Wata shida Thaddeus yana..." Sai ta juya tana kallonsa.

"Da nawa kuke samu a wata?"

Mashkura ta ce, "Dubu ɗari huɗu in an yi sa'a. Shi ya sa rabin albashi muke ɗauka."

"Amma direbobi sun tara shaidar miliyan uku a wata biyu." Sufeto ya juya kujerarsa. "Thaddeus, ɓarawo na sauri ya fita kafin a idar da salla, me zai tsayar da shi gyaran maɓalli?"

Thaddeus ya daɗe yana kallon allon, sannan ya kife kansa a tebur.

"Yana nan kusa da layin, oga. Ina canja lamba sai idona ya faɗa kan matsalan. Wata shida ina nemansa, ga shi a gabana. Hannuna ya ƙi wucewa." Ya ja numfashi. "Wankin ƙoda sau biyu a sati ake yi wa matana Mabel. Na sayar da mashin, na sayar da fili. Na ce zan ɗauki na wata ɗaya in mayar da lamban. Da na ga kuɗi na zubowa, na kasa tsayawa."

"Da sunana, Thaddeus?" Mashkura ta miƙe tana kuka. "Kana kallo aka ja ni kamar akuya! Kai fa ka gyara abin da ya hana mu ci gaba. Da ka shigar da shi da sunanka, da tun watan jiya na biya ka cikakke har da ƙari!"

Sufeto ya kira kofur, aka sa wa Thaddeus ankwa. Alhaji Sadisu, da ya zo jin yadda aka kwana, ya tsaya a matakala ya kasa haɗa ido da Mashkura.

A bakin ƙofa Thaddeus ya waiwayo.

"Manniru, ka mayar da lamban asusu, amma don Allah kar ka taɓa layi taran nan." Ya dubi Sufeto. "Oga, jibi ne wankin Mabel. Wa zai kai ta?"

Kofur ya riƙe hannunsa suka sauka.