Maɓallin da ke Maido Murya

Ana kiran sallar magariba wata mata ta shigo situdiyon Zaharaddini a Talata Mafara, ko sallama babu. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya biyo ta, alhali rabon garin da ruwa wata biyar.

"Malam, koya mani aikinga," in ji ta.

Ya yi dariyar raini, ya nuna mata maɓallan kwamfutarsa. "Ke? To duba. Dogon maɓallin ga shi ka kunna waƙa, shi ka tsai da ita. Kwantirol da Z kuwa, shi ka maido abin da anka goge."

"Komi daɗewarshi?"

Ta miƙa hannu ta danna. Yatsunta suka bar laima a kan maɓallan.

Muryar Lailatu ta cika ɗakin, mawaƙiyar da ya goge daga waƙarta bara ya ɗora muryar budurwarsa, a makon da aka tsamo gawarta daga dam ɗin Bakolori. Ya bubbuga dogon maɓallin, waƙar ta ƙi tsayawa.

"Saura guda, Malam," in ji matar, da muryar nan da ke fitowa daga sifika. "Wanne ka danna mani ran nan?"

Ya buɗe baki zai yi salati, amma ta riga ta gano maɓallin gogewa, ta danna. Leɓɓansa kawai suka motsa.