Sanyin da Nas Ta Faɗa a Gaban Yaya Hasana

Kwana goma sha biyu da rasuwar Innata, ina tankaɗe a tsakar gida, marata ta murɗa har na zube. Yaya Hasana, yayar mijina, ta kai ni asibiti a Daura. Shi Jafaru yana Legas wurin fataucin shanu, wata biyar ke nan.

Na san asalin ciwon. Kafin ya tafi ya kawo min wani abin roba, irin wanda mace ke biyan buƙatarta da shi, ya ce gara wannan da shaiɗan ya ja ni waje. Duk sanda na yi amfani da shi, daɗi na kaiwa ƙarshe sai marata ta ɗaure kamar ana shaƙe ta da igiya. Wadda zan iya raɗa wa kuwa tana kabari.

Nas ta duba ni, ta ce a gaban Yaya, “Ciwon sanyi ne, za a ba ta magani.”

Ko ƙofa ba mu fita ba Yaya ta fara. “Sanyi? Mijinki ba ya gari, a randa kika ɗebo shi?”

“Yaya, ba irin wanda kike nufi ba ne.”

“Rufe min baki, munafuka. Uwarki ko arba'in ba ta yi ba kina yawon ta zubar.”

Kafin la'asar surukata Hajiya ta iso daga Zango. “Ki faɗi sunan kwarton, ko ki tattara kayanki.”

Na ƙi faɗa. In na faɗi gaskiya na tsira, amma na kwance wa Jafaru zani a gaban uwarsa. Kwana shida ba mai cin tuwon da na tuƙa.

Rana ta bakwai Jafaru ya sauka. Ko ruwa bai sha ba Hajiya ta miƙa masa biro da takarda. “Saki uku nake so.”

Ya sunkuyar da kai. “Hajiya, kwarton da kuke nema ni na sayo shi. Yana cikin akwatinta. Na roba ne.”

“Na roba kamar yaya?” in ji Yaya Hasana. 

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. “Ka yi asara, Jafaru. Marainiya ta sha zagi kwana shida don ta rufa maka asiri.”

Washegari muka koma wurin nas ni da Jafaru, na faɗa mata komai. Ta ce ƙwayar cuta ce daga abin, ba daga namiji ba, kuma da na zo tun farko da ban kai ga zubewa ba. Mako biyu na warke. Muka jefa abin a masai, muka nemi gafarar Allah. Jafaru ya dawo da fataucinsa kasuwar Mai'aduwa, kullum a gida yake kwana.

Haƙuri ya tsare min aurena, kunya kuwa ta kusa kashe ni. 'Yar uwa, ki rufa wa mijinki asiri a gaban dangi, amma kada ki ɓoye wa likita ciwonki.