Mai Karofin da Bai San Sunan Kowa ba

A wani gari, can a zamanin da, an yi wani mai karofi, wurin da ake rina tufafi. Ma'aikatansa suna da yawa, amma bai taɓa riƙe sunan ko ɗaya ba. Kowa "Kai" ne a wurinsa.

"Kai, motsa ramin nan."

"Kai, shanya zanen can."

Har dattijon da ya girmi ubansa "Kai" yake ce masa. Ko sannu da aiki bai taɓa yi musu ba. Su kuwa suna haɗiye fushi, suna aiki.

Wata rana yana tsaye bakin rami yana zage-zage, sai santsi ya kwashe shi, ya faɗa cikin ruwan baba na rini har wuya. Ya kama gefe, ya zame.

"Kai, fitar da ni."

Kowa ya ci gaba da aikinsa.

"Kai! Da kai nake!"

Dattijon ya taso da muciya a hannu, idanunsa jawur. Ya ce, "Wane Kai kake nema? Duk cikinmu babu wanda aka yanka wa rago aka raɗa masa Kai. Tun kana goye nake rini a nan. Faɗi sunana."

Mai karofi ya sake kama gefe, ya sake zamewa. Ruwa ya kai masa haɓa.

Dattijon ya miƙa masa muciya, ya jawo shi waje. Mai karofi ya sunkuyar da kai, ya ce, "Dattijo, yaya sunanka?"

"Jatau. Sauran kuma bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambaya, tun shunin nan bai bar jikinka ba."